Babbar Shawarar Kasuwanci a Fim da a Zahiri

A fina-finan da suka shafi kasuwanci, babbar shawara tana da siffa sananniya. Mutum ɗaya ne ke yanke ta, cikin ɗan ƙanƙanen lokaci, galibi bayan kowa a ɗakin ya ce masa kada ya kuskura, kuma kafin fim ya ƙare sai al'amura su nuna cewa shi ne ya hango daidai. A Wall Street na Oliver Stone, wanda ya fito a 1987, Gordon Gekko yana saye da sayar da hannayen jari na miliyoyin dala ta wayar tarho, yana zagaya ofis, yana auna hawan jininsa. A Guru, fim ɗin Indiya da Mani Ratnam ya shirya a 2007, wanda da yawa ke ganin an ɗora shi a kan rayuwar attajiri Dhirubhai Ambani, jarumin ya tsaya gaban hukumar bincike ya yi jawabin 'yan mintoci, mafi yawan tuhume-tuhumen da aka tara masa suka zube. A Air na 2023, jawabi ɗaya daga bakin Sonny Vaccaro ne ya karkato da ɗan wasan ƙwallon kwando Michael Jordan zuwa kamfanin Nike a 1984, alhali Jordan da kansa ya ce koci George Raveling ne ya fi matsa masa, shi kuma Phil Knight mai kamfanin ya ambaci wasu ma'aikatansa da suka fi taka rawa. Fina-finan Kano ma ba su kauce wa wannan tsari ba: Alhaji na zaune a falo, yaronsa ya durƙusa ya kawo labarin kaya, ya ce a je a sayo, a fitowa ta gaba sai a ga ko ya ƙara mota ko masu bin bashi sun yi sallama.

Wannan ba aibi ba ne ga mai shirya fim, sana'arsa ce ta hukunta haka. Tun zamanin Girkawa Aristotle ya bambanta marubucin tarihi da marubucin wasan kwaikwayo: na farko yana faɗin abin da ya faru ko da bai da tsari, na biyu yana jera abubuwa yadda kowanne zai zama shi ya haifi na bayansa. Fim awa biyu ne, kuma kyamara ba ta da abin da za ta ɗauka a fuskar akawu yana duba lissafi mai shafi ɗari uku. Dole a tattara aikin mutum hamsin a jikin tauraro ɗaya, a matse wata ashirin cikin dare guda. Tambayar da ta rage ita ce abin da mai kallo ke fita da shi game da yadda ake yanke shawara, da abin da ake auna ta da shi, da kuma iyakar abin da ɗan Adam ke iya sani kafin ya taka. Nan ne batun ya bar fagen nishaɗi ya shiga na falsafa da addini.

Yadda abin yake gudana a kamfanoni

Henry Mintzberg na Jami'ar McGill a Kanada ya bi shugabannin manyan ma'aikatu biyar yana rubuta abin da suke yi, ya wallafa sakamakon a 1973. Rabin ayyukan da ya ƙirga ba su kai minti tara ba: waya, ɗan taro, wani ya leƙo, a katse wannan a kama wancan. A 1976 shi da abokan aikinsa biyu suka bi diddigin manyan shawarwari 25, suka tarar fiye da rabinsu sun haura shekara, wasu ma sun wuce shekara huɗu, ana tsayawa, ana komawa baya, ana sake tambayar da aka ɗauka an gama da ita. Shugaba ba shi da dogon lokacin zama ya yi tunani, amma shawarar kanta doguwa ce, tana tafiya a hannaye da yawa.

Babu misalin da ya fi na kamfanin Intel fito da wannan. An kafa shi a 1968 a kan ƙera 'yan ƙwayoyin da ke ajiye bayanai a cikin kwamfuta, kuma da su aka san shi. A farkon shekarun 1980 kamfanonin Japan suka shigo da irin waɗannan ƙwayoyi masu inganci da arha, kasuwa ta fara kuɓuce wa Intel. Andy Grove, ɗaya daga cikin manyan shugabannin Intel, ya ba da labari a littafinsa na 1996 cewa wata rana a tsakiyar 1985 yana zaune da Gordon Moore, shugaban kamfanin, ya tambaye shi abin da sabon shugaba zai yi idan aka kore su aka kawo wani. Moore ya amsa cewa zai fitar da kamfanin daga sana'ar ƙwayoyin ajiya. Grove ya ce to me zai hana su biyun su fita ta ƙofa su dawo su yi hakan da kansu. Da marubucin fim aka ba labarin, wannan zama shi ne zai zama ƙololuwa, a sa kiɗa, a nuna fuskar Moore. Amma Grove ɗin ya faɗa cewa an shafe kusan shekara ana ka-ce-na-ce kafin wannan rana, kuma bayanta an ƙara ɗaukar lokaci mai tsawo kafin a rufe masana'antu a sauya wa mutane aiki. Abin da ya fi ban mamaki shi ne wanda Robert Burgelman na Jami'ar Stanford ya gano. Intel na da wata ƙa'ida ta cikin gida, cewa a fi ba wa kayan da ya fi kawo riba gurbi a masana'anta. Ƙananan manajoji masu tsara aiki da masu lissafi sun yi ta bin ƙa'idar wata bayan wata, suna rage ƙwayoyin ajiya, suna ƙara ƙwayoyin da ke sarrafa lissafi, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, irin wadda IBM ta zaɓa don kwamfutarta ta 1981. Lokacin da manyan biyu suka yi wancan zama, masana'anta ɗaya ce kawai cikin takwas ke ƙera ƙwayoyin ajiya. Kamfanin ya riga ya fita da ƙafarsa, shugabanni suka zo daga baya suka amince da baki. Kuma abin bai zo da sauƙi ba: an yi asarar sama da dala miliyan 170 a 1986, ma'aikata fiye da 7,000 suka rasa aiki.

Ko inda mutum ɗaya ne ke da ta cewa, lokaci ba ya bin tsarin fim. Matatar man Ɗangote an bayyana shirinta a 2013, da ƙiyasin kusan dala biliyan 9, kuma a Olokola aka fara nufin gina ta. Aka koma Lekki a jihar Legas, aka faɗaɗa ta zuwa ganga 650,000 a rana, aka ƙaddamar da ita ranar 22 ga Mayun 2023, ta fara fitar da man dizal da na jirgin sama a Janairun 2024, kuɗin ya kai wajen dala biliyan 20. Wanda zai nemi ranar da aka yanke wannan shawara zai sha wuya, domin kowace shekara ana sake yanke ta, duk lokacin da farashin naira ya sauya ko bankuna suka nemi bayani. Sayen kamfanin wasannin kwamfuta na Activision da Microsoft ta yi kuwa, an sanar da shi a Janairun 2022 a kan dala biliyan 68.7, bai kammala ba sai Oktoban 2023, bayan doguwar muhawara da hukumomin Amurka da Birtaniya da Tarayyar Turai.

Masana sun daɗe da bayyana dalili. Frank Knight ya nuna a 1921 cewa akwai haɗarin da ake iya ƙididdigewa, irin wanda kamfanin inshora ke rayuwa a kai, akwai kuma rashin sani tsantsa wanda babu alƙaluman da za su auna shi, kuma ribar ɗan kasuwa daga na biyun take fitowa. Herbert Simon, wanda ya sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1978, ya ƙara da cewa mutum ba ya iya tattara dukkan zaɓuɓɓuka ya auna su, yakan duba kaɗan ne, ya tsaya a kan na farko da ya wadatar. Kwamiti, da rahoto, da lauya, da mai binciken kuɗi, duk hanyoyi ne na rage wannan gajiyawa. Bahaushe ya ce shawara ɗaukar ɗaki.

Wanda ya yi irin ta fim

Wani ciniki da aka ƙulla a birnin Chicago a 1980 ya zama darasi a makarantun lauyoyi saboda ya yi kama da fim ƙwarai. Jerome Van Gorkom shi ne shugaban Trans Union, kamfanin da ke ba da hayar taragun jirgin ƙasa, kuma ya kusa shekarun ritaya. Ranar 13 ga Satumba ya je gidan attajiri Jay Pritzker ya yi masa tayin kamfanin a kan dala 55 kowane hannun jari, farashin da shi kaɗai ya tsayar, a lokacin da ake sayar da hannun jarin wajen dala 38 a kasuwa. Bayan mako guda, ranar Asabar, ya kira kwamitin daraktoci, mafi yawansu ba su san abin da aka kira su a kai ba. Ya yi bayani da baki na minti ashirin, ba a raba takardar yarjejeniya don a karanta ba, ba a nemi wani masani ya ƙimanta kamfanin ba. Cikin awa biyu suka amince da cinikin da ya kai kusan dala miliyan 690. A daren nan Van Gorkom ya rattaba hannu a wurin liyafar da ya shirya don buɗe kakar wasannin gidan opera na birnin, kuma daga shi har daraktocin babu wanda ya karanta abin da aka sa wa hannu.

Masu hannun jari sun ci riba mai kauri, kuma mafi rinjayensu sun kaɗa ƙuri'ar amincewa. Duk da haka, a Janairun 1985 kotun ƙolin jihar Delaware, da rinjayen alƙalai uku a kan biyu, ta ce daraktocin sun yi mummunan sakaci, domin sun sayar da dukiyar mutane ba tare da sanin ainihin ƙimarta ba. Aka sasanta a kan dala miliyan 23.5. Lauyoyi da yawa sun soki hukuncin, suna cewa daraktocin ƙwararru ne da suka san kamfanin ciki da bai, har majalisar jihar ta yi gyaran doka a 1986 don kamfanoni su iya kare daraktocinsu daga irin wannan diyya. Amma ƙa'idar da kotun ta tsaya a kai ta zauna. Alƙali ba ya tambayar ko an ci riba. Yana tambayar ko an nemi sani, ko an yi da zuciya ɗaya, ko mai yanke shawarar ba shi da wata moriya ta ɓoye. Wanda ya cika waɗannan, ko ya jawo asarar biliyoyi, doka ba ta kama shi.

Mai karatun fiƙihu zai ga ya san wannan ƙa'ida tun kafin a haifi Delaware. A babin ƙiradi, inda wani ya ba da jari wani ya yi fatauci da shi a raba riba, mai juya kuɗin amintacce ne. Idan aka faɗi, asarar dukiya tana kan mai jari, shi kuma ya yi asarar wahalarsa, ba a ɗora masa biyan ko kwabo sai in an tabbatar ya yi ta'addi, kamar ya saɓa sharaɗin da aka gindaya masa, ko ya yi sakaci. A mazhabar Malik, in mai jari ya sharɗanta cewa dole a lamunce masa uwar kuɗinsa ko ta halin ƙaƙa, ƙiradin ya ɓaci. Shari'a ta ƙi yarda a hukunta mutum a kan abin da kasuwa ta yi, ta tsaya a kan abin da shi ya yi.

Sakamako da ingancin shawara

Zuciyar ɗan Adam ba ta son wannan rarrabewa. Kafin tafiye-tafiyen Shugaba Nixon zuwa Sin da Tarayyar Sobiyet a 1972, Baruch Fischhoff da Ruth Beyth sun tambayi mutane yiwuwar faruwar wasu abubuwa a can. Bayan ya dawo aka ce su tuna abin da suka faɗa, sai aka ga sun ƙara wa hasashensu ƙarfi a kan abin da ya faru, sun rage a kan wanda bai faru ba, kuma ba da niyyar ƙarya ba. A 1988 Jonathan Baron da John Hershey suka ba mutane labarin tiyata iri ɗaya, da bayanai iri ɗaya a gaban likita, bambancin kawai a wani labarin majinyaci ya tashi, a wani ya rasu. Masu karatu suka fi yaba shawarar likitan da majinyacinsa ya rayu. Wannan shi ne "ai da ma na faɗa" da ake ji a bakin kowace kasuwa bayan kaya sun faɗi.

Fim ya ginu ne kacokan a kan wannan rauni. Marubucin labari ya san ƙarshe tun kafin ya rubuta farko, don haka duk wata alama da ya dasa a hanya tana nuni zuwa can, kuma jarumin da ya bi alamun sai ya zama kamar ya leƙa gaibu. A The Big Short na 2015 an nuna Michael Burry, wanda tun 2005 ya fara sayen wata irin inshora da za ta biya shi in basussukan gidaje na Amurka suka ƙi biyuwa. Masu zuba jari a asusunsa suka tayar masa da hankali, ya hana su cire kuɗi, a 2007 kasuwar ta rushe, ya kwashi ɗaruruwan miliyoyi. Mai kallo yana jin haushin masu jarin saboda ya san abin da ke tafe, ya manta su ba su sani ba. Julian Robertson na asusun Tiger ya yi irin wannan hange game da kamfanonin intanet a ƙarshen shekarun 1990, ya ƙi sayen hannayen jarinsu yana cewa farashin ya wuce hankali. Masu jari suka gudu, ya sanar da rufe asusun a ƙarshen Maris na 2000, makonni kaɗan bayan kasuwar ta kai ƙololuwa ta fara zubewa. Hangen nesa iri ɗaya ne, juriyar 'yan watanni ce ta raba su, kuma na farkon ne aka yi wa fim.

Ta ɗaya ɓangaren, bin ƙa'ida ba ya lamunce nasara. Coca-Cola ta ɗanɗana wa mutane kusan 200,000 sabon haɗinta kafin ta sauya ɗanɗanon lemonta ranar 23 ga Afrilun 1985, mafi yawa suka ce sabon ya fi. Jama'a suka yi ca, bayan kwana 79 aka dawo da tsohon. An auna harshen mutane, ba a auna shaƙuwarsu da abin da suka saba ba, kuma kafin abin ya faru ba kowa ne zai ce ga tambayar da aka manta ba.

Masana falsafa sun rabu a nan. Kant yana ganin kyakkyawar niyya tana nan da darajarta ko ba ta cimma komai ba. A 1976 Bernard Williams da Thomas Nagel suka nuna cewa a aikace mutane ba sa hukunci haka. Williams ya kawo misalin mai zane Gauguin, tsohon dillalin hannun jari a Paris, wanda ya bar iyalinsa ya tafi Tahiti don ya yi zane. A ganin Williams, babu abin da zai iya kare kansa da shi ranar da ya tafi, nasarar da ta zo daga baya ce kaɗai za ta iya wanke shi, ita kuwa ba a hannunsa take ba. Fina-finan kasuwanci kusan duka suna gefen wannan Gauguin: jarumi ya jinginar da gidan iyali, ya karya alƙawari, ya yi nasara, sai a yafe masa. Ba a nuna dubun da suka yi irin haka suka bar 'ya'ya a gidan haya.

Matsayin Musulunci

Aya ta 159 a Suratu Ali Imrana ta jera abu uku bi da bi: a yi shawara da mutane, sannan a ƙudurta, sannan a dogara ga Allah. Malaman tafsiri sun lura da lokacin saukarta, wato bayan yaƙin Uhudu a shekara ta 3 bayan Hijira. Ra'ayin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne a tsaya a cikin Madina. Masu ɗokin fita, musamman matasa, suka rinjaya, aka fita, aka rasa sahabbai kusan 70. Da sakamako ne ma'auni, da darasin Uhudu shi ne a daina shawara, amma sai umarnin ya zo a ci gaba da yin ta, da waɗannan mutanen dai. A cikin ƙissar akwai rabi na biyu: da ya sa sulke ya fito, waɗanda suka matsa suka yi nadama suka ce a koma ra'ayinsa, ya ƙi cire sulken. Shawara tana da lokacinta, in an ƙudurta kuma ba a komawa ana jujjuya magana.

Hadisin Amru ɗan Asi da Buhari da Muslim suka ruwaito ya fito da ƙa'idar fili: mai hukunci da ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya dace yana da lada biyu, in ya kuskure yana da ɗaya. Malamai sun sharɗanta cewa ya zama ya cancanci yin ƙoƙarin, domin wanda ya yi hukunci da ka ba shi da lada ko da ya faɗa kan daidai. Wannan kishiyar hukuncin fim ce sak, inda mai sa'a yake zama gwani. Alƙur'ani ya kuma ba da siffar attajirin da ya karanta nasararsa a matsayin shaidar iliminsa, wato Ƙaruna a Suratul Ƙasas, da mai gonaki biyu a Suratul Kahfi, ƙarshen Suratu Luƙman kuma ya sa abin da rai zai samu gobe cikin abubuwan da ba wanda ya sani sai Allah.

Imani da ƙaddara bai zama hujjar rufe ido a afka ba. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya sami labari a Sarg cewa annoba ta ɓarke, ya tara Muhajirai suka saɓa, ya tara Ansaru suka saɓa, ya tara dattawan Ƙuraishawa suka ce a juya. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah ake yi. Umar ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, duk inda ya kai raƙumansa da ƙaddara ya kai su. Sai daga baya Abdurrahman ɗan Aufu, wanda ba ya nan, ya iso da hadisin da ya dace da abin da aka tsayar. Taro uku, saɓani, da bayanin da ya zo a makare: wannan ya fi kama da ɗakin taron kamfani na gaske fiye da duk abin da Hollywood ta nuna.

Istihara ma ana yawan fahimtarta da idon fim. Mutane da dama suna ɗaukar ta wata taga ce ta leƙa ƙarshen labari, a yi sallah a kwanta a jira mafarki, ko a ba malam ya yi ya kawo amsa da safe. Hadisin Jabir ɗan Abdullahi da ke cikin Buhari bai ambaci mafarki ba. Raka'a biyu ne da addu'a, kuma addu'ar ikirari ce cewa bawa bai sani ba, Ubangiji ne ya sani, tare da roƙon a sauƙaƙa al'amarin in alheri ne, a kawar da shi in sharri ne. Ibnul Hajji, malamin Malikiyya mai littafin Madhal wanda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yawaita dogaro da shi, ya soki masu dakatar da al'amuransu suna jiran mafarki. Mai istihara yana tashi daga sallaya ne da rashin saninsa yadda yake, sai dai ya miƙa shi inda ya dace, kuma ba ta ɗauke masa duba lissafi da tambayar masana. Ba a kuma yin ta a kan abin da haramcinsa ya bayyana.

Fiƙihun ciniki ya tanadi hanyoyin rage gaggawa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. An hana cinikin garari, wato sayar da abin da ba a san samuwarsa ko siffarsa ko adadinsa ba. Akwai wani saɓani mai jan hankali game da zaɓin majalisi: Shafi'i da Ahmad suna ganin mai saye da mai sayarwa kowa na iya fasawa muddin ba su rabu ba, Malik kuwa ya kawo hadisin da suka dogara da shi a Muwaɗɗa amma bai ga aikin mutanen Madina a kansa ba. Saboda haka a wurin Malikawa, da zarar mai kaya ya ce ya sallama, ciniki ya faɗa. Mai son ya kwana da magana sai ya sharɗanta hiyari, wato zaɓin fasawa, tun farko, kuma Muhtasar na Halil ya bambanta wa'adin gwargwadon girman abu: kamar wata guda ga gida, kamar kwana uku ga dabba ko tufa. In kuma an riga an ƙulla ɗaya ya yi nadama, an kwaɗaitar da ɗayan ya yi masa iƙala, ya karɓi kayansa ya mayar da kuɗi, ko da yake ba a tilasta shi. A dokar kamfanoni ta zamani ma, wanda ya yi nadama ba ya iya fasawa shi kaɗai. Elon Musk ya sa hannu a kan sayen Twitter a dala biliyan 44 a Afrilun 2022 ba tare da binciken ƙwaƙwaf da aka saba yi ba, ya nemi janyewa a Yuli, kamfanin ya kai shi kotu a Delaware, ya biya farashin farko a ƙarshen Oktoba.

Inda fim ya faɗi gaskiya

Akwai abin da fim ya kama wanda littattafan gudanarwa kan yi wa riƙon sakainar kashi. Bayan duk rahotanni, dole wani ya ɗauki nauyi ya ce a yi, kuma a wannan lokacin shi kaɗai ne. Kwamiti kan zama maɓoya ga wanda ba ya son a ce shi ne, kuma shekarar da Intel ta ɓata tana jan ƙafa ta ci kuɗi da ayyukan mutane. Jin jiki da jarumi ke dogara da shi ma ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Gary Klein, wanda ya yi nazarin shugabannin 'yan kwana-kwana, da Daniel Kahneman, wanda ya fi kowa shakkar irin wannan ji, sun yi rubutu tare a 2009 suka daidaita a kan cewa ana iya amincewa da shi a fagen da abubuwa ke maimaituwa kuma mutum ke ganin sakamakon hukuncinsa nan da nan. Dillalin shanu da ya shekara talatin a kara yana iya faɗin nauyin sa da kallo ɗaya. Sayen kamfani kuwa abu ne da shugaba zai yi sau biyu ko uku a rayuwarsa, sakamakon ya bayyana bayan shekaru, don haka babu inda zai koyi irin wannan ido.

Akwai kuma ranakun da lokaci ke ƙurewa da gaske. A ƙarshen makon 13 da 14 ga Satumban 2008, yayin da bankin Lehman Brothers ke gab da durƙushewa, Bank of America ya amince ya sayi Merrill Lynch a kan kusan dala biliyan 50 cikin kwana biyu, Lehman kuma ya shigar da takardar fatara ranar Litinin 15 ga wata. Margin Call na 2011 ya ɗauki irin wannan dare, kuma yana cikin 'yan fina-finan da suka nuna shugaba yana roƙon a yi masa bayani a sauƙaƙe saboda bai fahimci lissafin da kamfaninsa ke tsaye a kai ba. A fim ɗin, abin da aka tsayar kafin asuba shi ne a sayar wa abokan ciniki takardun bashin da aka san sun lalace, kafin su farga. A nan tambayar ta tashi daga ko dabarar za ta yi aiki ta koma ko ta halatta, kuma fiƙihu bai bar wurin shakka ba: wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, tun daga hadisin mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙarƙashin busasshe, wanda Muslim ya ruwaito. Ƙurewar lokaci tana iya zama uzuri ga taƙaita bincike, amma ba ta sauke wajibcin faɗa wa masu haƙƙi abin da aka sani. Masu hannun jarin Bank of America sun kai ƙara cewa ba a sanar da su girman asarar Merrill ba kafin su kaɗa ƙuri'a a Disamban 2008, kuma a 2012 bankin ya amince ya biya dala biliyan 2.43 don a rufe shari'ar, ba tare da ya amsa laifi ba.